Huɗar da Na Yi wa Furannin Mama

Laifina ne. Na san haka tun safiyar da na tsuguna a lambun na ji warin, amma sai da shekaru suka shuɗe kafin bakina ya iya faɗa. Ba zan ce rashin sani ba ne, domin an gaya mini baki da baki, kuma na ce na ji. Abin da ya toshe mini kunne shi ne ina ganin ni ɗan manomi ne jikan manomi, ita kuwa tsohuwa ce mai wasa da furanni.

Na zo garin Greensboro na Amirka a farkon shekarun dubu biyu. Na kama haya a unguwar Glenwood, a wani ƙaramin gidan katako da aka raba biyu, 'yan jami'a a ɗaya ɓangaren suna ta kiɗansu. Aikina a wani sito ne ta wajen Wendover, ɗauki kwali daga nan ka jera can, tun safe har la'asar sakaliya. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da na iya da gaske noma ne, don a gonar mahaifina na tashi, a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. A siton dole ne ka sa safar hannu. Wata rana ina alwala na duba tafin hannuna, na ga kantar fartanya ta goge ƙaf, hannun ya yi laushi kamar na akawu. Na daɗe ina kallonsa, ruwa na zuba.

A kan hanyata ta zuwa tashar bas akwai wani fili da aka kewaye da waya, an yayyanka shi ƙananan fulotai. Kullum ina wucewa ban taɓa tsayawa ba, sai wata Asabar da na hango kuɓewa. Kuɓewa sosai, irin tamu, da furenta mai jan ciki. Na riƙe wayar ina kallo kamar wanda ya ga ɗan garinsu a tasha.

Wata tsohuwa ta ɗago daga cikin shukar, baƙar fata 'yar ƙasa, da malafa a ka da tsohon wandon aiki. Turancina a lokacin na lallaɓe ne, amma mun fahimci juna.

"Ka san ta ne, ko kallo kawai kake yi?" ta ce.

"Na san ta. An bar na ƙasan nan sun tsufa, wuƙa ma ba za ta ci su ba."

Ta dafa ƙugu ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ba ka ma shigo ba ka fara koya mini aiki. To zagayo ta ƙofa, tunda ka iya."

Haka na shiga. Sa'ar mahaifiyata ce ko ta ɗan girme ta, a masaƙa ta yi aiki har ta yi ritaya. Ta gaya mini sunanta ta ce in riƙa kiranta da shi. Na ce a wurinmu ba a kiran babba da suna gatsal, Mama zan ce. Ta ce 'ya'yan da ta haifa ma sun ishe ta, amma ta amsa. Ni kuma ta laƙaba mini Manomi, har sauran 'yan kulob ɗin lambun suka ɗauka. A lokacin babu fulotin da ba shi da mai shi, sai ta tsaga nata biyu ta ba ni rabi, ta ce dama kwatangwalonta ya fara ƙin sunkuyo.

Kulob ɗin na mutanen unguwa ne, yawanci tsofaffi, farare da baƙaƙe, sai 'yan ɗalibai da ke zuwa da zafinsu su ɓace in rana ta fara dukan ƙeya. Asabar ta farkon wata gayya ake yi, ko da yake su ba su san sunan ba: a gyara waya, a juya tulin takin ganye, a share hanyoyi. In an gama a kafa tebur a gindin bishiya kowa ya buɗe abin da ya kawo. Da Mama ta gane ba na cin naman alade sai ta daina sa shi a dafaffen ganyenta, ta koma sa kyafaffen talotalo, tana mita wai na lalata mata girkin kakanninta. Da kaka ana musayar iri. In ɗumi ya dawo akan je gidan tsofaffi a dasa musu furanni a gindin tagogi. Ni dai duk inda ake bukatar haƙa ni ake turawa, kuma ina so.

Da maiɗakina ta iso daga gida, ta zo mini da saƙon mahaifina a naɗe cikin zani a ƙasan akwati: kan garma, ba ƙota. Na samo itace na sassaƙa na sa mata. Ranar da na fara huɗa da ita a rabin fulotina, mutane suka bar aikinsu suka zo kallo. Ƙasar nan ja ce mai danƙo, ba irin jigawarmu ba, amma na tayar da kunyoyi a miƙe kamar an ja zare. Na shuka kuɓewa da yakuwa da gyaɗa, da gero layi guda don kawai in riƙa ganinsa. In iska ta kaɗa ganyen geron nakan rufe ido, in ji kamar yanzu zan jiyo tarin mahaifina daga ƙarshen gona.

Yakuwar ta so ta ba ni kunya. Ta yi tsawo ta yi ganye, ta ƙi yin fure har kaka ta yi nisa, ga sanyi yana ƙofa. Mama ce ta ce sanyin garin nan ba ya sallama, dare ɗaya zai ƙone ta ƙurmus. Ta kwaso tsofaffin zannuwan gadonta, duk yammar da ta ji iska ta canza sai mu lulluɓe shukar, da safe in biya in yaye kafin bas ya zo. Da haka na samu zoɓo cikin kwando. Maiɗakina ta dafa da citta da kanumfari, na kai wurin gayya a jarka. Wani tsoho ya sha kofi uku yana tambayar ko yana bugarwa. Aka yi ta yabona, ban kuma tuna na ce zannuwan Mama ne suka yi aikin ba. Kaina ya kumbura, na fara zagaya fulotan mutane ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba.

Babban abin da suke jira duk shekara shi ne gasar furanni, wajen ƙarshen Afrilu, a zauren taro na unguwa. Ni ke ɗauko tebura. A lulluɓe su da farin ƙyalle, a jera kwalabe, kowace kwalba kara ɗaya da furensa. Mutane su zo da sassafe rungume da bokitai kamar masu ɗauke da jarirai, wani yana goge ganye da auduga, wata tana cire ƙwaro da tsinke. Sai a fitar da kowa a rufe ƙofa, alƙalai su zagaya. In an buɗe, ka ga dattijo mai furfura yana sauri ya duba ko an rataya wa kwalbarsa shuɗin ribon, wanda shi ne na ɗaya. A shekarar farko dariya abin ya ba ni. Na ce wa maiɗakina mutanen nan ƙoshi ne ya yi musu yawa, ana gasa a kan abin da ba a miya da shi.

Ta ce, "Kai ma ai geronka ba tuwo muke yi da shi ba, tsuntsaye ke ci."



Mama ba ta sa komai a gasar. Ita ce mai ba da shayi a bakin ƙofa. Da na tambaye ta dalili, ta ce nata ba su shirya ba tukuna.

Nata su ne waɗanda suke kira airis. Ganyensu a tsaye kamar takubba, saiwarsu kuwa sak ɗanyar citta, kwance a saman ƙasa rabinta a waje. Furen ruwan shuni ne mai duhu, da ɗan gashi rawaya a leɓensa da suke ce wa gemu. Takan ce, "Ga 'yan uwanka masu gemu, Manomi, ku gaisa." Daga ƙauyensu ta kawo su, daga gindin matakalar gidan mahaifiyarta. Bayan rasuwar uwar dangi suka sayar da filin, ta je ana dab da rushe gidan ta tono 'yan saiwoyi ta zuba a leda. Wurin yanzu titi ne. Ba ta san sunan irin ba, wani a kulob ma ya bincika littattafansa bai samu ba. Ta ce tana yarinya in ta dawo daga makaranta ƙamshinsu ke fara tarbarta kafin muryar uwarta.

Sun sha wuya da tashin da aka yi musu, suka yi ta fure ɗaya biyu, sai a shekarata ta uku a lambun suka cika har suka matsu. Ta ce lokacin rabawa ya yi. Baɗi za ta kai mafi kyawunsu gasa da sunan mahaifiyarta, bayan nan ta rarraba saiwar ga duk mai so, don kada su ƙare a hannunta.

A watan Agusta muka tone su. Tana zaune a kan kifaffen bokiti tana yankawa da wuƙa tana rage ganyen, ni ina dasawa. Na haƙa rami zan binne ta farko, ta buge mini hannu da malafa.

"A sama. Bayanta ya ga rana, kamar kunkuru mai shan hantsi."

"Mama, saiwa a waje? Ko akuya ta san saiwa ƙasa take so."

"Wannan ba ta so. Ka rufe ta, ta ruɓe. Kuma ba ta son taki mai ƙarfi. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ji na gaske, ko irin jin maza?"

Muka yi dariya. Na dasa yadda ta ce, amma a raina ina cewa Allah ne kawai ya raya su duk shekarun nan a hannun matar nan.

A watan Oktoba aka yi mata aikin kwatangwalo, 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta a Sedgefield don jinya. Kafin ta tafi ta ce in riƙa cire musu ciyawa da busasshen ganye, shi ke nan.

Sanyi ya fara shigowa. Duk safiyar da na biya ta lambun in ga saiwoyin nan tsirara, raɓa ta daskare a kansu fari fat, sai raina ya ƙi kwanciya. A wurinmu manomin da ya bar saiwa a waje rago ne, 'yan wucewa ma sai sun tanka. Na ce matar nan ta ba ni rabin ƙasarta don Allah, yau ga ranar ramawa. Zan yi mata huɗar da ba a taɓa yi a garin nan ba, in furanni suka fito manya ta tambaya, sannan in gaya mata. Har na tsara irin murmushin da zan yi.

Ina da aboki Bamaraɗe da ke aiki a wata gonar shanu a bayan gari. Na roƙe shi taki, ya kawo mini a motarsa mai buɗaɗɗen baya, ɗanye, yana tururi.

"Wai kai, Malam," ya ce yana toshe hanci, "mutane sun zo Amirka neman arziki, kai kashin shanu kake nema? Tsohuwar mai furannin ta san da wannan?"

"Alheri ai ba a yi masa shela."

"To, bon. Ni dai kamiyona zan je in wanke."

Na baza takin a kan saiwoyin, na ɗauko garma na ja ƙasa daga gefe da gefe na rufe, na daddanna da ƙafa. Lokacin sanyi ba mai zuwa lambun sosai, fulotinmu kuma yana can lungu bayan rumfar kayan aiki. Na tsaya na kalli kunyoyin, ganyen na leƙowa ta sama, na ji daɗi har raina.

Hunturun shekarar ruwa aka yi ta yi. Jigawarmu in ta sha ruwa da safe takan sake shi kafin azahar. Jar ƙasar nan riƙewa take yi kamar tukunya. Na san haka, ina gani a takalmina kullum, amma ban kawo komai a raina ba.

A watan Maris na ga airis ɗin wasu fulotai sun miƙe kore shar, na Mama kuwa sun yi rawaya sun langaɓe. Na tsuguna na ja ganye ɗaya, ya biyo hannuna ba gardama. Warin ya bugo ni. Na tona da yatsu, saiwar ta narke kamar ruɓaɓɓen dankali. Na bi layin ɗaya bayan ɗaya ina neman mai tauri ko guda. Babu.

Abin da na yi bayan nan shi ne ainihin laifin. Huɗar dai, girman kai ne ya sa ni, wannan kuwa da idona biyu na yi shi. Na waiga na ga ba kowa, na ɗauko manjagara na janye ƙasar, na kwashe takin a baro na juye a nawa rabin, na baje wurin, na bar saiwoyin a sama yadda ta bar su. Ruwa ya zo ya wanke sauran shaida.

Ta dawo a farkon Afrilu, 'yarta a gefenta, tana tura ƙarfen dogarawa. Ina can ina gyaran kunya. Ta tsaya a bakin fulotin tana kallon saiwoyin. Sannan ta ce in miƙo mata guda. Na miƙa mata. Ta matsa da babban yatsa, ɓawon ya fashe, ba komai a ciki.

Mutane suka taru. Wani ya ce ruwan bana ne, wata ta ce akwai tsutsa mai shiga saiwa. Mama ta girgiza kai.

"Na kowa ya sha ruwan nan. Ni ce. Na raba su duka lokaci ɗaya, ban bar ko gindi guda a inda yake ba. Wuƙar ma ban wanke ta ba. Uwata ta riƙe su shekara da shekaru da ruwan wanke-wanke, ni na kashe su don kwaɗayin ribon."

Ta juyo gare ni. "Manomi, ba ka ga wata alama ba?"

"Sai da suka yi rawaya na gani, Mama."

Ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Na ƙara da cewa haka Allah ya ƙaddara, sai haƙuri. Ta ce mini da ɗan zafi, "Kada ka kawo mini zancen Allah a nan, ba shi ya riƙe wuƙar ba." 'Yarta ta kama hannunta suka tafi.

A gasar shekarar na ɗauki tebura kamar kullum. Mama ta zauna a bakin ƙofa da butar shayinta. 'Yan kulob suka yi ta kawo mata saiwoyin nasu, masu shuni iri-iri, wasu ma furensu ya fi nata girma. Tana godiya tana cewa a ba wani, ba su ba ne. Rabinta na fulotin ta bar shi haka, ta ce in shuka abin da nake so. A inda na juye takin kuɓewata ta yi tsawon da ba ta taɓa yi ba, har aka zo ana ɗaukarta hoto. Na kasa cin ta. Maiɗakina ta yi ta raba wa maƙwabta.

Na fara janye jiki. Yau in ce obataim, gobe in ce yara. Da kaka muka tashi daga Glenwood muka koma wani benen haya kusa da Wendover, na ce ya fi kusa da aiki, kuma gaskiya ne. Ban yi sallama da kowa ba.

Daga tagarmu ba abin da ake gani sai wurin ajiye motoci da allunan manyan kantuna. Asabar ta zama doguwa. In gari ya waye sai in ji ƙafata tana son tafiya, ba inda za ta. Nakan tuna ƙarar ƙofar wayar nan in an tura ta, da sanyin tiyo a hannu, da ƙamshin ganyen tumatir. Nakan tuna Mama tana rera waƙoƙin cocinsu ƙasa-ƙasa tana tsinke ciyawa, in ta manta baiti ta cike da gunaguni. Kewar gida na san ta, na saba da ita, tana da wurin kwananta a ƙirjina. Wannan sabuwa ce kuma ta fi ciwo, don wurin yana nan, bas ɗaya ne tsakaninmu, ni na kori kaina. Duk shekara in airis suka buɗe a ƙofar gidajen mutane, nakan kau da kai ina tuƙi. Wani lokaci in ɗauki hanyar da za ta bi da ni ta Glenwood, in na kusa kwanar lambun sai in juya.

Shekara uku ko huɗu a haka. Ranar nan ina tura keken sayayya a wani babban kanti, aka kira ni da sunan da na daɗe ban ji ba. 'Yar Mama ce. Muka gaisa, na tambayi jikin tsohuwa. Ta ce tana wurinta yanzu gaba ɗaya, ba ta fita sosai, lambu kuwa ta daina zuwa tun shekarar.

"Na sayo mata tukwanen shuka in sa a baranda, ta ce kada in ba ta abu mai rai, hannunta ba shi da kyau. Kuma tana yawan maganarka. Ta ce ta yi maka tsawa a gaban mutane, ta taɓa maka addini, shi ya sa ka tafi. Ta so ta ba ka haƙuri, ba wanda ya san inda kuka koma."

Na tsaya riƙe da keken. Ban san me na ce mata ba, na dai karɓi kwatancen gidan.

A mota na gaya wa maiɗakina komai, don ita ma ban taɓa gaya mata ba.

"Dama na san ba obataim ba ne," ta ce. "Amma ban zaci abin ya kai haka ba. Baban yara, tsohuwa tana can ɗauke da kayanka a ka, har ita ce mai neman gafararka?"

"Na yi ta istigfari."

"Ka fi ni sani. Haƙƙin mutum sai mai shi. Kuma ba yarinya ba ce da za ka ce sai baɗi."

Na je ranar Asabar da hantsi. Unguwar shiru, ciyawa a aske, can nesa wasu na buga ƙwallonsu na golf. Na yi tunanin in sayi fure in riƙe, na ga rainin hankali ne, na tafi hannu rabbana.

Tana zaune a baranda ta baya, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Ta rame. Da ta gan ni fuskarta ta washe.

"Manomi. Ka yi furfura. Wa ya ba ka izini?"

Na cire takalmi na durƙusa a gabanta yadda zan yi wa mahaifiyata. Ta ce in tashi ga kujera can, a nan ba a yi wa kowa haka. Na ce ta bar ni a inda nake. Ta fara cewa dama akwai abin da take son gaya mini game da ranar nan, na ce don girman Allah ta bari in riga ta, in ba haka ba ba zan iya ba.

"Mama, ba wuƙarki ba ce, ba rabawar ba ce, ba ruwa ba ne. Ni ne. Da kika tafi asibiti na kawo ɗanyen takin shanu na zuba musu, na ja ƙasa na binne su har wuya, bayan kin ce kada in yi. Na ɗauka na fi ki sani. Da na ga sun ruɓe na janye ƙasar na ɓoye. Kika tambaye ni na kauce, na tsaya ina kallo kina ɗora wa kanki. Yadda kika ce a dasa su daidai ne. Da na bar su, da suna nan. Kuma ba tsawarki ce ta kore ni ba, haɗa ido da ke ne na kasa."

Hannunta yana kan bargon, yatsun suna ɗan motsi. Ta kalli bayan gidan ta daɗe, sannan ta dawo da idonta kaina.

"Duka?" ta ce. "Har wuya?"

"Duka, Mama. Ba ni da abin da zan mayar miki, na san ba a samunsu a ko'ina. Na raba ki da abin mahaifiyarki, na kuma bar ki da laifin duk tsawon shekarun nan. Ban zo don ki ce mini ba komai ba, akwai komai. Na zo ne ki san hannunki lafiyarsa ƙalau. Na cuce ki, ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya yau ba, zan dawo."